Ɗan Kunnen Dirribe

A Agaro gajimare a ƙasa yake kwana,
kamar shanu, tsakanin bishiyoyi.
Da asuba mu ratsa ta cikinsa,
kwando a baya, raɓa har gwiwa.

Babana Gutama yakan ce
gahawa 'yar gata ce, ba a yi mata gaggawa.
Ba ta son rana tsirara,
sai wadda ganye ya tace.
Tana son ruwa, amma kada ya kwana a ƙafarta.
Jar ƙasa mai laushi, tudu mai sanyi,
sanyin ma kada ya yi cizo.
Shekara uku kana yi mata bauta
ba ta ce maka sannu ba,
sai wata safiya, bayan yayyafi,
ka tarar ta yi fari fat,
ƙudan zuma sun rasa ta inda za su fara.

Ja kaɗai ake tsinka.
Kore, a ce masa sai wani mako.
Haka muke komawa bishiya ɗaya
sau huɗu, sau biyar,
kamar mai bin bashi wurin ɗan'uwa.

Ni aikina a gadajen shanya yake.
Mu arba'in, a jere, kai a sunkuye,
muna fid da fasasshe, da baƙi, da wanda ƙwaro ya huda.
Bontu tana ba da labarin surukarta,
yatsunmu ba sa saurara.
Mai kyau na buhu ne.
Buhu na mota ne.
Mota ta Jibuti ce, Jibuti ta teku,
daga nan kuma ban san ta wa ba.

Ranar wata Laraba, ana ɗinke bakin buhuna,
na shafa kunnena na hagu
na ji wayam.
Na azurfa ne, na kakata,
mai ɗan lanƙwasa inda ta taɓa cije shi
don ta gwada maƙeri.
Na bi ƙasa da tafin hannu har magariba.
Bontu ta ce, "Dirribe, buhu ɗari uku da ashirin ne,
wanne za a farke miki?"

Wakjira direba ya yi dariya, sannan ya daina.
Ya ce kwana uku ne zuwa bakin ruwa,
ta ƙasar da dutse ke gasa taya,
inda ko inuwar tsuntsu babu.
Ya ce can jirage sun fi ƙauyenmu tsawo,
kuma kuɗin guminmu ba a nan ake yanka shi ba,
wasu ne a wani birni, da ba su taɓa
cire ƙaya daga dunduniya a gona ba,
su ce ya hau, su ce ya sauka.
Bara ya sauka.
Muka fasa sayen kwanon rufi.

To, ɗan kunnena ya riga ni ganin teku.
Ba fasfo, ba kuɗin mota.
Ina jin yanzu yana wata ƙasa mai ƙanƙara,
wani ya zazzage buhu, ya ji ƙaras,
ya ɗaga shi a haske, ya juya.
Ko zai ce, ashe akwai kunne a can?
Ashe akwai mai kunnen?

Bana zafi ya ƙara hawo dutse.
Gonar gangare ta yi 'ya'ya ƙanana, masu tabo,
ƙanena yana haƙa ramuka can sama, kusa da daji,
inda babanmu bai taɓa shuka ba.

Da yamma nakan soya fasassun da aka bar mana.
Hayaƙi ya zaga ɗaki, maƙwabta su shigo ba kira.
Zubi uku ake yi, na ƙarshe sunansa baraka,
ya fi ruwa-ruwa, amma ba a tashi a bar shi.
Ina zubawa, kaina a karkace,
ɗayan yana lilo shi kaɗai.
Ban cire shi ba.